Shekarar da Muka Ɗaga Motar Baba

Titin ƙofar gidanmu girma yake yi kamar ɗan mutum. Duk shekara da zarar damina ta ɗauke, sai masu gyaran hanya su iso da gangunansu da rolarsu, su tare layin, su shimfiɗa sabuwar kwalta a kan tsohuwa, su kama gabansu. Ba sa kankare ta bara, ɗorawa kawai suke yi. Ina ƙarama saukowa muke yi daga ƙofar gida zuwa titi. Da na gama makaranta muka yi kai ɗaya da shi. A shekarar da nake ba ku labari kuwa, duk mai son fita daga gidanmu sai ya tattare tufafinsa ya hau.

Tagar falonmu tayoyi kawai take nunawa. Telan da ke jikin gidanmu ya daina sanin mutane da fuska, da takalmi yake gane su, har yakan yi doguwar gaisuwa da takalmin da aka ba wani aro. Mai kantin kusurwa sama yake miƙa wa masu saye kaya kamar wanda ke aiki a cikin rijiya. Ruwan sama kuwa ya daɗe da sanin hanya, duk abin da ya zubo a titi a falon Inna yake yada zango. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne babu wanda ke ganin wani abu a ciki. In ka yi magana sai a ce ai gara mu, ana gyara mana titi duk shekara.

Baba direban tasi ne tun kafin a haife ni. Abokan aikinsa Sannu-Sannu suke ce masa, don bai taɓa wuce wata mota a hanya ba sai wadda ta tsaya. Da ya ajiye aiki ya ƙi sayar da motarsa, ya sa ta a gareji yana ɗan fita da ita jefi-jefi. Wata shekara bayan an gama zuba kwalta ya zo fita, cikin motar ya gogi bakin titi, salansa ta yi wata ƙara da ta sa shi runtse ido. Ya ja da baya a hankali, ya ce zai jira kwaltar ta kwanta. Kwalta dai ba ta kwanta ba, shekara ta zagayo aka ƙara mata wata. Tun daga nan motar ba ta sake leƙa waje ba. Amma kullum da safe sai ya tayar da ita, ya goge ta, ya duba mai da ruwa, ya zauna a ciki yana sauraron inji. Inna takan ce ita kaɗai ce ta auri mutumin da ke zuwa aiki ba tare da ya bar gida ba.

Ni na raka shi asibitin ido. Likita ya daɗe yana haska masa fitila, sannan ya ja ni gefe yana magana ƙasa-ƙasa, bai san kunnen Baba na iya jin kukan ƙaramin noti a cikin inji ba. Ya ce jijiyar idon ce take mutuwa, ba abin da aiki ko tabarau za su yi. Hasken zai riƙa janyewa daga gefe yana matsowa tsakiya, kuma da wuya ya kai wata damina. In akwai abin da tsohon yake son gani, a kai shi ya gani tun yanzu.

A hanyar dawowa na fara lissafa masa wuraren da za mu kai shi: wurin ƙanwarsa, wurin jikoki, bakin kogi. Ya ce fuskokinmu dai ya gan su har sun ishe shi.

"Tuƙi nake so in yi," in ji shi. "Sau ɗaya. Daga ƙofar gida zuwa tsohuwar tasha, in zaga shataletale, in dawo."

Na yi masifa iya ƙarfina, don ni a gidanmu an san ba na ajiye magana ta kwana. Na ce mutumin da ake cewa idonsa na tafiya shi ne zai hau titi ya kwashe 'ya'yan mutane? Ya ce shi da bai taɓa taka ko kaza ba, kuma tsakiyar idonsa garau take, in muka yi sauri za ta ishe shi. Da muka isa gida na shige kicin na yi kukana. Tsoro nake ji, amma tausayinsa ya fi tsoron yawa, kuma na san ba zan iya hana shi ba.

A makon nan ne masu gyaran hanya suka sauke kayansu a farkon layinmu. Na tafi wurin foman ɗinsu, wani dogon mutum mai hular kwano da ta fi kansa girma. Ladabi ya yi masa yawa har ba ka samun inda za ka kama shi da faɗa. Na bayyana masa cewa titinsu ya rufe mana ƙofar gareji, ina so su rage shi a daidai nan mota ta fita. Ya saurare ni da hannu a ƙirji har na gama.

"Malama, titi bai hau ba," ya ce. "Mu da muke kansa kullum, da ya hau da mun ji. Gidanku ne yake sauka."

Na tambaye shi me ya hana su kankare tsohuwar kwalta kafin su zuba sabuwa. Ya ce tun da ya shiga aikin nan ba a taɓa aiko shi ya rage titi ba, ƙarawa ake turo su yi. Kuma ai abin kunya ne a yi wa titi hidima a tashi a tarar bai kai yadda yake da ba. Nan fa na manta da ladabinsa. Na zazzage masa komai: ruwan falon Inna, telan da ke gaida takalma, mai kanti da ya fara rankwafewa ta baya saboda kallon sama. Ina cikin yi sai ga wani injiniya a farar mota ya sauke gilas yana saurare. Na juya kansa shi ma na ba shi rabonsa. Ya gyaɗa kai, ya ɗaga gilas ɗinsa, ya tafi. Na dawo gida muryata a dashe, ba abin da na samo.

Yayana birkila ne, kuma irin mutanen nan ne da ba sa jin an ce abu ba ya yiwuwa ba tare da sun ɗauko awo ba. Ya fara duba ko za a yi wa motar gangare ta hau. Ya auna ya ga garejin gajere ne, gangaren zai fito kamar tsani. Ya tsaya yana sosa ƙeya, can ya ce to tunda titi ba zai sauko ba, mota ce za ta hau ta same shi.

Yadda aka yi kuwa shi ne, a sa jak a ɗaga gefe ɗaya a cusa bulo, a zaga ɗaya gefen a yi haka, a cika ƙarƙashin da ƙasa a daddaɓe, washegari a sake. Ƙasar cikon daga tsakar gidanmu Yaya yake haƙo ta, don haka motar tana hawa gidan yana ƙara nutsewa, har Inna ta fara shanya a cikin rami. Da kan motar ya taɓo rufi aka cire kwanon garejin aka jingine. Baba yana zaune a kujera yana ba da umarni, yana cewa a bi ta a hankali ba ta son girgiza. Maƙwabta suka riƙa tsayawa a bakin titi suna leƙowa ƙasa suna ba da shawara. Ba wanda ya tambayi dalili, sai dai wani da ya ce shi ma zai yi wa firijinsa haka.

Ni kuwa idon Baba nake kallo. Ya fara juya kai gaba ɗaya in zai dubi wanda ke gefensa. Ran nan ya zuba shayi a gefen kofi, ya yi shiru yana jin yadda yake ɗiga a ƙasa. Wata safiya na same shi yana gaida randar ruwa yana tambayarta ya ɗinki, ya ɗauka tela ne. Na riƙa matsa wa Yaya har muka yi kwana biyu ba ma magana sai ta bakin Inna. Shi kuma ya nace sai ya ƙara taƙi guda a kan awonsa saboda kwaltar bana da ke tafe, don kada a gama wahala a sake tarar da titi ya wuce mu.

Aka gama. Mota ta tsaya a sarari a kan tudunta, rana na dukanta karon farko cikin shekaru, hancinta na kallon titi. Yaya ya yi mata matakala ta cikin gida don Baba ya riƙa hawa. Baba ya ce ranar da masu aiki suka wuce ƙofarmu suka janye gangunansu, ranar zai fita.

Maimakon tifar kwalta, sai ga wata doguwar mota ta shigo layin ɗauke da wani inji mai haƙora da ba mu taɓa ganin irinsa ba. Foman ya sauko har ƙofar gida yana fara'a, ya cire hularsa.

"Malama, kukanki ya isa sama," ya ce. "Injiniya ya ce a kankare titin nan kaf, a mayar da shi inda yake tun asali."

Na juya na dubi motar Baba a kan tudunta.

Injin nan ya kama cin titi tun daga farkon layi. Kwalta ta riƙa fita ɓawo-ɓawo, ta bara, ta bara waccan, ta shekarar da aka haifi ɗan wane. Aka tono silifas, aka tono marfin tukunyar Inna da ta daɗe tana zargin wata maƙwabciya da shi. Tsofaffin dokin ƙofa suka bayyana. Tela ya koma ganin fuskoki ya kasa gane kowa. Mai kanti, wanda bai daɗe da fasa sabuwar ƙofa ta sama ba, ya wayi gari yana neman aron tsani. Unguwa ta yi ta murna ana zuwa yi mini godiya, wai bakina ya yi rana. Motar Baba kuwa ga ta can a sama, tudunta ya kai ƙirjin mutum, gabanta ba komai sai iska.

Yaya ya ce sauke ta zai ci lokacin da ɗaga ta ya ci, ko ya fi. Ba mu da wannan lokacin. Abin da ya rage wa Baba na gani bai fi a leƙa ta ramin makulli ba, shi ma da hazo a ciki. Yana jin rugugin inji yana zaton kwalta ake shimfiɗawa, har yana cewa bana sun yi aiki da gaske. Inna ta tara mu ni da Yaya ta ce duk wanda ya gaya masa abin da ya faru ya je ya nemi wata uwar.

Ranar da injin ya yi shiru, Baba ya fito da safe sanye da tsohuwar rigar aikinsa mai aljihu biyu, ya ɗora hula, makulli a hannu. Ya ce ya ji an gama, yau ne. Yaya ya dube ni, na dubi Inna, Inna ta dubi ramin tsakar gida. Sai Yaya ya kama hannun Baba ya fara hawa da shi matakala.

Na fita na sami foman. Wannan karon ban yi faɗa ba, ƙarfin ma babu. Na gaya masa maganar likita da abin da Baba yake so. Ya ce ko da motar na ƙasa, an hana kowace mota taka titin nan sai an zuba sabuwar kwalta, kuma shi ba ya karya doka. Ya tsaya yana duban tudun. Sannan ya juya ya dubi doguwar motar nan da ke jiran a ɗora mata inji ta mayar. Ya je ya tsaya a jikinta ya sa hannu a ƙirjinsa daidai tsayin bayanta, ya tako har jikin tudunmu hannun na nan inda yake.

"An hana mota taka titi," ya ce. "Amma ba a hana motar aiki ɗaukar kaya ba."

Direban doguwar motar, wani mai ƙiba da ba ya son magana, ya ja ta da baya har ta manne da tudun. Leburori suka shimfiɗa katakai. Muka shirya da direban cewa zai riƙa duban siginar Baba ta madubi, duk inda ta nuna nan zai bi. In na ɗaga mayafina ta taga ya taka birki, in na sauke ya ci gaba.

Na hau na zauna kusa da Baba. Ya gyara madubin da ba ya gani, ya murza makulli, inji ya amsa tun bugun farko. Ya saki kuloci a hankali, motar ta mirgina ta bar tudu ta hau katakai ta shiga bayan doguwar mota. Wannan ɗan taƙin dai shi ya tuƙa shi da kansa, ina shaida. Sai Yaya ya bubbuga bayan motar ya ce Baba ya ɗan tsaya, taya ɗaya ta yi sanyi. Aka ɗaure gaban da sarƙa, aka ɗaga tayoyin baya aka ɗora motar a kan bulo yadda za su juya a iska. Baba yana jira, yatsunsa na ɗan kaɗawa a kan sitiyari, har Yaya ya ce an gama.

Ya sa giya, na sauke mayafi, muka tashi. Doguwar motar tana ruri kamar za ta tsaga layin, amma mun riga mun shawo kan kanmu cewa ba zai lura ba. Foman yana gaba a ƙasa da jar tuta, leburori na janye ganguna, mutane sun fito ƙofofinsu suna ɗaga kai. Ba wanda ya yi dariya, kuma har gobe ina ganin girman unguwarmu saboda haka. Baba ya canja giya, tayoyin baya suka ƙara gudu a iska. Ya danna wa tela hon daidai ƙofar shagonsa. Can gaba ya rage gudu ya karkata sitiyari kaɗan, ya ce akwai rami a nan. Ramin an cike shi tun ina goye, amma na ɗaga mayafi, direban ya lallaɓa muka wuce.

Bakinsa ya buɗe yadda ban taɓa ji ba. Ya nuna mini inda ya fara ɗaukar Inna, tana budurwa da kwando a hannu, ta yi ta mita wai da a ƙafa ta tafi da ta riga shi isa. Ya nuna inda motar ta taɓa mace masa cikin ruwan sama ranar da zai kai ni jarrabawa, ya goya ni ya ƙarasa da gudu. Duk inda ya nuna daidai ne, ko da an rushe abin da ke wurin. Ina ta amsa masa da to Baba, hannuna ɗaya a waje, ɗayan ina share fuska.

A shataletalen tsohuwar tasha ne asirinmu ya tashi tonuwa. Baba ya sa sigina ya karya sitiyari daidai inda ƙaramar mota za ta karya. Ita kuwa doguwar mota sai ta miƙe tukuna kafin ta iya juyawa. Muka ci gaba da tafiya sak, sitiyari a karye, na tsawon abin da ya isa kowane direba ya gane. Baba bai motsa ba. Ya riƙe sitiyarin a haka har motar ta yarda ta juyo. Da muka kammala zagayen ya ce zai ƙara ɗaya, ya bar siginar a kunne. Direban ya duba madubi, ya sake zagawa.

Muka dawo layinmu a hankali. Daidai ƙofar gida Baba ya sa sigina, ya taka birki, na ɗaga mayafi, komai ya tsaya. Ya ja birkin hannu ya kashe inji. Ya daɗe zaune hannuwansa biyu a kan sitiyari. Inna tana ƙasa a bakin ƙofa ta rufe baki da gefen zani. Can ya zare makullin, ya lalubo hannuna ya sa mini shi a ciki ya dunƙule.

"In kin sauka ki gaida mutumin nan da ya ja mu," ya ce. "Ki ce masa yana jinkirin shiga kwana, amma ƙafarsa na da taushi a birki."

Ya ce kada in gaya wa Inna cewa ya gane, ta yi ƙoƙari, a bar ta da abinta. Sannan ya gyara hularsa ya juyo da fuskarsa wajen da yake jin numfashina.

"Zagayo ki buɗe mini, ki riƙe ni da kyau. Ban san nisan ƙasa ba."